Sauya lamba daga tushe goma zuwa wani tushe: tambayoyin da ake yawan yi mini a Agege

Ina koyar da lissafi da yamma a Agege, tsakanin La'asar da Magariba. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan 'yan kasuwa ne masu shirin rubuta WAEC ko NECO ko JAMB, sai kuma wasu samari masu koyon gyaran waya a Computer Village ta Ikeja da sukan leƙo ranar Lahadi. Duk shekara idan muka iso kan darasin da suke kira namba bes, wanda ni nake kira tushen lamba, sai in ga jikin yara ya yi sanyi. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron da ke tsoron darasin nan shi ne wanda ya wuni a rumfar babansa yana mayar da sabulu ɗaiɗai zuwa dozin, dozin zuwa katan, ba tare da ya yi kuskure ba. Aikin kuwa ɗaya ne. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, mene ne tushen ma tukuna?

Tushe shi ne yawan abin da ake tarawa kafin a ɗaure shi ɗauri guda. A ƙirgen da muka saba, da abu ya cika goma sai a ɗaure, a tura shi gida na gaba. Shi ya sa 345 ke nufin ɗari uku, goma huɗu, da ɗaiɗai biyar. Kowane gida ya ninka na damansa sau goma: 1, 10, 100, 1000.

Idan aka ce tushe takwas, to a takwas ake ɗaurewa, gidajen su zama 1, 8, 64, 512. Idan tushe biyu ne, wanda ake kira bainari, gidajen su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32, haka har gaba. Ka riƙe doka guda: babu alamar da ke kai girman tushenta. Babu 8 a tushe takwas, babu 5 a tushe biyar, a tushe biyu kuwa daga 0 sai 1.

To idan na sauya tushe, lambar ta ƙaru ne ko ta ragu?

Ko ɗaya. Tumatirin da aka sauke a Mile 12, ko a kwando aka zuba shi ko an kasa shi kashi-kashi, yawansa bai canza ba. Arba'in da biyar ana rubuta ta 45 a tushe goma, 55 a tushe takwas, 101101 a tushe biyu, kuma duk arba'in da biyar ce.

Saboda haka nake hana ɗalibai karanta 10 ta tushe biyu da sunan "goma". Ka ce "ɗaya, sifili, tushe biyu". Darajarta biyu ce. Wanda ya saba kiranta goma, wata rana hannunsa zai rubuta abin da bakinsa ya faɗa.

Ta yaya zan mayar da lamba daga tushe goma zuwa wani tushe?

Mu fara daga shago. An kawo maka sabulu 500 a warwatse, kana so ka shirya shi dozin-dozin, kowane dozin goma sha biyu kuma ya cika katan guda. Ka raba 500 gida 12, ka samu dozin 41, saura 8. Ka sake raba dozin 41 gida 12, ka samu katan 3, saura dozin 5. Kayanka sun zama katan 3, dozin 5, ɗaiɗai 8. Abin da ka yi yanzu shi ne rubuta 500 a tushe goma sha biyu: 358.

Haka ake yi wa kowane tushe. Ka yi ta rabawa da tushen da kake nufa, kana ajiye saura a gefe, har abin rabawa ya ƙare. Ga 45 zuwa tushe biyu:

45 ÷ 2 = 22, saura 1
22 ÷ 2 = 11, saura 0
11 ÷ 2 = 5, saura 1
5 ÷ 2 = 2, saura 1
2 ÷ 2 = 1, saura 0
1 ÷ 2 = 0, saura 1

Sai ka karanto saurar daga ƙasa zuwa sama: 101101. Layin ƙarshen nan, na raba 1 gida 2, shi yara suka fi tsallakewa. Kada ka tsaya sai ka ga sifili.

Me ya sa daga ƙasa ake karantowa? Ni kullum a nan nake rikicewa.

Koma kan sabulun. Saura na farko da ya fito maka, wato 8, ɗaiɗai ne waɗanda ba su cika dozin ba, ƙanana ke nan. Na ƙarshe da ya fito, wato 3, katan ne, shi ne babba. Mu kuwa a rubutun lamba babba muke farawa da shi. Ba wanda zai ce "ɗaiɗai takwas, dozin biyar, katan uku" idan yana ba maigida lissafi. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar haddace wata kibiya mai nuna sama.

Malam, mu da muka kashe fam da sule, ashe mun yi irin wannan lissafin?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan tambaya, mai sayar da goro a nan Agege, da ya zo ɗaukar jikansa ya tarar muna kan allo. Na ce masa, Baba, ai naku ya fi na yaran nan wuya. Kafin ranar 1 ga Janairu 1973 da aka shigo da naira, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Tushe iri biyu ne, 12 da 20, aka haɗa a lissafi guda. Idan ciniki ya tashi kwabo 1000, sai a raba gida 12, a samu sule 83 da kwabo 4, a sake raba sule 83 gida 20, a samu fam 4 da sule 3. Fam huɗu, sule uku da kwabo huɗu. Iyayenmu a ka suke yin wannan, ga sisi ga taro ga ahu a tsakani, mutum na lissafi yana ba wani canji.

Agogo ma haka yake har yau. Daƙiƙa 10,000 idan ka raba gida 60 za ta ba ka minti 166, saura daƙiƙa 40. Minti 166 kuma awa 2 ne da minti 46. Wannan ƙirge na sittin-sittin gadon mutanen Babila ne, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, kuma daga can ne aka samo raba da'ira zuwa digiri 360.

Idan kuma zan dawo da ita tushe goma fa?

Kwance ɗauri ne. Rubuta darajar kowane gida a saman alamarsa, ka ninka, ka tara. Ɗauki 345 ta tushe takwas: 3 sau 64 shi ne 192, 4 sau 8 shi ne 32, sai 5. Jimla 229.

Akwai wata hanya da na fi so, domin ba ta bukatar ka haddace gidaje. Fara da alamar hagu, ka ninka ta da tushe, ka ƙara ta gaba, ka sake ninkawa, ka ƙara ta gaba, har ka kai ƙarshe. A misalinmu: 3 sau 8 da 4 ya ba da 28, 28 sau 8 da 5 ya ba da 229. A tushe biyu abin ya fi daɗi, don ninki biyu kawai kake yi. Ga 110101: ka fara da 1, sai 3, sai 6, sai 13, sai 26, sai 53. Kowane mataki ninki biyu ne na wanda ya gabata, da ƙarin alamar da ka taka. Alamar ƙarshe ƙara ta kawai ake yi, ba a sake ninkawa bayanta.

Me ya kawo haruffa cikin lissafi? Na ga an rubuta 7B5.

Tushe goma sha shida ne, wanda masu kwamfuta ke kira heksa. Yana bukatar alamomi goma sha shida, mu kuwa goma muke da su, sai aka aro haruffa shida: A ita ce 10, B 11, C 12, D 13, E 14, F 15. Dole kowane gida ya ɗauki alama guda, domin in ka rubuta 11 a gida ɗaya, mai karatu zai ɗauka gida biyu ne.

Gwada da 1973. Raba gida 16 ya ba da 123, saura 5. Raba 123 gida 16 ya ba da 7, saura 11, wato B. Raba 7 gida 16 ya ba da 0, saura 7. Daga ƙasa zuwa sama: 7B5.

Akwai gajeriyar hanya tsakanin bainari da heksa?

Akwai, kuma ita ce dalilin da ya sa ake amfani da heksa tun farko. Goma sha shida ita ce 2 × 2 × 2 × 2, biyu har sau huɗu, don haka kowace alamar heksa daidai take da alamomin bainari huɗu. Ɗauki 11110110101. Yanka ta huɗu-huɗu daga dama: 0111, 1011, 0101. Na farko 7, na biyu 11 wato B, na uku 5. Ga 7B5 ta dawo, babu rabawa ko ɗaya.

Tushe takwas uku-uku ake yankawa: 011, 110, 110, 101, ya ba da 3665. Daga dama ake fara yanka, kullum. Idan ƙullin hagu bai cika ba, ka cike shi da sifili a gabansa.

Daga tushe biyar zuwa tushe uku fa?

Babu hanyar ratse, sai ka bi ta tushe goma, kamar mai canza mota a Oshodi. 243 ta tushe biyar ita ce 50 da 20 da 3, wato 73. Raba 73 da uku-uku ya ba da saura 1, 0, 2, 2. Amsa 2201.

Lamba mai ɗigo fa, kamar 0.625?

Nan juyawa ake yi: maimakon rabawa, ninkawa za ka yi, ka riƙa cire abin da ya tsallako hagun ɗigo. 0.625 sau 2 ya ba da 1.25, ka ajiye 1. Abin da ya rage, 0.25, sau 2 ya ba da 0.5, ka ajiye 0. Sai 0.5 sau 2 ya ba da 1 cif, ka ajiye 1. Wannan karon daga sama zuwa ƙasa ake karantawa: 0.101. Ma'anarta rabi, babu kwata, da sumuni ɗaya. Rabi da sumuni kuwa su ne 0.625.

Akwai abin da nake so a tsaya a kansa a nan. Ba kowane kashi ne ke ƙarewa a kowane tushe ba. Wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san sulusi ba ya rubutuwa cif a tushe goma: 0.333 ne har abada. Amma a tushe uku sulusi 0.1 ne kawai, a tushe goma sha biyu kuma 0.4. To haka kashi ɗaya cikin goma yake a tushe biyu. Gwada ninka 0.1 da biyu-biyu, za ka samu 0.000110011001100, ba ta da ƙarshe. Kwamfuta dole ta datse ta a wani wuri, shi ya sa idan ka sa harsunan rubuta manhaja irin su Python ko JavaScript su tara 0.1 da 0.2 suke ba ka 0.30000000000000004. Na'urar ba ta lalace ba. Saboda wannan ne masu rubuta manhajar kuɗi da suka san aikinsu suke ajiye lissafi a kwabo-kwabo, cikakkiyar lamba, ba naira da ɗigo ba. Duk saurayin da ke koyon rubuta manhaja ya riƙe wannan tun yanzu, don kuɗin mutane amana ne.

Ana tarawa da ɗebewa a wani tushe ba tare da an sauya ba?

Ana yi. Abin da ya bambanta shi ne inda ake ɗaurewa da abin da ake arowa. A tushe takwas, 57 da 26: 7 da 6 goma sha uku ne, wato takwas guda da saura 5. Rubuta 5, ka riƙe 1. Sai 5 da 2 da 1 suka cika takwas, ka rubuta 0 ka riƙe 1. Amsa 105.

A ɗebewa, abin da ka aro girman tushe ne. A tushe biyar, a cire 14 daga 42: 2 ba ta isa a cire mata 4 ba, sai ka aro ɗauri guda, wanda biyar ne a cikinsa. Biyu da biyar bakwai, a cire huɗu saura 3. A hagu 3 ta rage, a cire 1 saura 2. Amsa 23. Mafi yawan makin da yara ke zubarwa a wannan darasi, aro goma ne a inda ya kamata a aro biyar ko takwas. Hannu ya saba da goma.

Me ya sa kwamfuta ta tsaya a kan 0 da 1?

Domin ya fi sauƙi da aminci a ƙera abu mai hali biyu: akwai wuta ko babu. Da za a ce na'ura ta bambance matakan wuta goma, ɗan motsin wuta kaɗan zai mayar da 6 ta zama 7. Lissafin kansa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Bajamushe Leibniz ya wallafa bayaninsa a 1703, sai a 1937 Claude Shannon a Amurka ya nuna yadda makunnan lantarki za su iya yin aikin hukunci na i ko a'a.

Alama guda ta bainari ita ce bit, takwas kuma bayit. Mafi girman abin da bayit ke ɗauka shi ne 11111111, wato 255, ko FF a heksa. Shi ya sa a adireshin intanet irin 192.168.1.1, wanda kowane ɓangarensa bayit guda ne, ba za ka taɓa ganin ɓangaren da ya haura 255 ba. Masu zane ma da shi suke kiran launi: FFFFFF fari ne, 000000 baƙi, FF0000 ja zur.

Na sayi filas mai gig 64, kwamfuta ta nuna mini 59 da ɗoriya. An cuce ni ne?

Wannan rigimar na sha jin ta daga yaran Computer Village, kuma sau da yawa babu mai laifi. Kamfanin da ya ƙera da dubu-dubu yake ƙirgawa, gig ɗaya a wurinsa bayit 1,000,000,000 ne. Windows kuma da 1024 take ƙirgawa, wato 2 × 2 × 2 har biyu ta fito sau goma, gig ɗinta bayit 1,073,741,824. Raba biliyan 64 da wannan, ka samu 59.6. Haka ma'ajiya mai gig 500 ke nuna 465, mai tera ɗaya kuma 931. Mudu ne ya bambanta, hatsin yana nan.

Jabu kuwa akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Sai dai alamarsa daban ce: yakan nuna babban adadi, amma da ka zuba kaya masu yawa sai su lalace. Mai shago da ya iya zana wa mai saye wannan lissafin a takarda ya huta da rantsuwa.

Ina ruwan Hausa da duk wannan?

Ruwa da tsaki. Kowane harafi a waya lamba ce. A ita ce 65, wato 41 a heksa. Haruffanmu masu ƙugiya suna da nasu a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, kuma a heksa ake rubuta su: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253. Alamar naira 20A6 ce. Kwance ta ka gani: 2 sau 4096, da 10 sau 16, da 6, jimla 8358.

Ga abin da ya taɓa aljihu. Saƙon tes guda bit 1120 yake ɗauka. Haruffan boko na yau da kullum bit 7 kowannensu ke ci, shi ya sa ake samun haruffa 160. Da ka saka ƙ ko ɗ guda ɗaya, sai wayar ta koma tsarin da kowane harafi ke cin bit 16, saƙon ya dawo haruffa 70. Wanda ya ga saƙonsa ya rabu biyu don ya rubuta "ƙasa" daidai, ga dalilin. Ni dai ina rubuta ƙugiyata in biya, don ƙasa daban, kasa daban.

Dole ne ƙirge ya zama goma-goma? Na ji na Yarbawa daban ne.

Ba dole ba ne, yatsun hannu ne suka sa goma ta yi rinjaye. Maƙwabtanmu a nan Legas da ashirin suke gina nasu: ogun 20, ogoji 40, wato ashirin biyu, ogota 60, ogorin 80. Hamsin kuwa aadota ce, sittin ba goma. Wannan salon na ragewa mu ma muna da ɗan guntunsa, tunda mukan ce ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Sunayen gomominmu daga ashirin zuwa sama aron Larabci ne, haka ma kalmar sifili.

Rubutun gida-gida da sifili daga Indiya ya taso. Alkawarizmi ya yi bayaninsa a Bagadaza wajen shekarar 825, daga baya Fibonacci, wanda ya koye shi a Bijaya ta Aljeriya, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa na 1202.

Tunda kalkuleta na yi, me zai sa in wahala?

Tana yi. Kalkuletar Windows tana da sashen Programmer, Excel kuma yana da DEC2BIN da BIN2DEC da DEC2HEX, ko da yake DEC2BIN ba ta wuce 511. Yi amfani da su wajen duba aikinka. Amma a takardar da ake nuna aiki, matakai ma suna da makinsu, kuma akwai tambayar da madanni ba ya amsawa. Misali a ce 34 a wani tushe daidai take da 22 a tushe goma, nemo tushen. Wanda ya san 34 na nufin ɗauri uku da ɗaiɗai huɗu zai cire 4 daga 22, ya raba 18 gida uku, ya samu 6.

Yaya zan gane na yi kuskure kafin in miƙa takarda?

Duba abu uku, ba za su ci maka minti guda ba. Ko akwai alamar da ta kai tushe ko ta wuce shi? In ka ga 7 a amsar tushe shida, koma. Sannan a tushe biyu, lambar da ke rabuwa biyu cif da 0 take ƙarewa, wadda ba ta rabuwa kuma da 1; idan 45 ta ƙare maka da 0, akwai matsala. Na uku, kwance amsar ka ga ko za ta mayar da kai inda ka taso.

Don sabo, nakan ba ɗalibai aikin hanya. Daga Agege zuwa Ikeja, duk lambar motar da ka gani a gabanka, ɗauki alkalumanta uku ka mayar da su tushe biyu a ka, ka dawo da su. Da yatsu ma ana yi: ba babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 4, na gaba 8, ƙarami 16. Hannu ɗaya zai kai ka 31, hannu biyu 1023.